Injiniya Ya Ɗaga Gadon Tausa

Ni tela ne, shekara goma sha ɗaya ina taka keke a shago na huɗu a layinmu, kuma har yau ban ga mai cika baki irin Injiniya ba. Kada ka ɗauka wata makaranta ce ta ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa. Sana'arsa gyaran jikin mota, in ta lotsa ya bubbuga ta miƙe. Da aka rushe garejinsu za a faɗaɗa titi, sai ya kwaso guduma da jak ya zo ya tare a shagon ƙanensa, wanda bango ɗaya ya raba da nawa.

Ƙanen nan Auta muke ce masa, duk da 'ya'yansa uku. Mai tausa ne na gaske, ya yi karatun abin shekara biyu, takardarsa na nan rataye a bango. Mutum ne mai sanyi, in yana magana sai na tsayar da keke kafin in ji shi. Wata bakwai ya yi yana neman aiki a wani babban sito mai masu lodi arba'in, waɗanda kullum cikin ciwon baya suke. In ya samu, zai riƙa zuwa sau biyu a mako yana duba su, shagonsa da ke neman mutuwa ya farfaɗo. In bai samu ba, ya riga ya gaya mini rufewa zai yi. Manajan siton kuwa ya ce shi ba ya cinikin biri a sama: ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya zai zo da kansa ya hau gado, in ya ji daɗi aiki ya zama na Auta.

Injiniya na jin haka ya bugi ƙirji.

"Auta, kwantar da hankalinka. Aikin nan ni zan samo maka shi."

"Yaya, da dai ka bari..."

"In bari? Babban wa uba ne. Ina zaune ƙanena zai rufe shago? Ai sai a yi da ni a gari."

Kwana biyu ya yi a kan kujera yana kallon Auta yana aiki. Shi Auta in zai tausa mutum, ƙafa ɗaya yake sa gaba ɗaya baya, ya ɗan saki gwiwa, ya riƙa tafiya da jikinsa duka gaba da baya a hankali, yana tambaya, "Nan ya yi? In ƙara ko in rage?" Rana ta biyu Injiniya ya kasa haƙuri, ana fita da mara lafiya ya leƙo shagona yana dariya.

"Tela, zo ka ga abin da aka koya wa ƙanena a shekara biyu. Rawa! Wallahi rawa yake taka wa mutane."

Auta na goge hannu da tawul ya ce, "Ba rawa ba ce Yaya. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ya bi kwankwaso, hannu isarwa kawai yake yi. In da hannu kaɗai ka danna, kafin azahar ka ƙare. Sai ka fara jin jikinka kafin ka ji na wani."

"In ji jikina? Shekara arba'in da shida ina cikinsa, yau za ka gabatar mini da shi? Kai, jiki mota ne. Inda ya lotsa a danna, inda ya goce a buga. Ka taɓa ganin na tambayi mota in ƙara ko in rage?"

Na ce, "Mota ai ba ta da baki."

"To shi ya sa take warkewa da wuri."

Mai aski na shago na shida shi ya fara faɗawa hannunsa. Bawan Allah ya shigo ranar Laraba yana cewa wuyansa ya ɗan riƙe, ya tarar Auta ya fita sayen mai. Kafin ya juya Injiniya ya zaunar da shi, ya kafa masa manyan yatsu biyu a gindin wuya, ya cije leɓe ya danna kamar mai tura ƙusa a katako. Ihun da mai aski ya kurma har allurata ta karye.

"Zafin nan shi ne maganin!" in ji Injiniya. "In bai yi zafi ba bai shiga ba."

Mai aski ya shigo da wuya mai ɗan ciwo, ya fita da wuya a karkace, yana kallon duniya ta gefe ɗaya. Duk wanda ya yi wa aski a ranar, gefen hagu ya fi na dama tsawo. Wani ɗan sanda ma sai da ya dawo sau biyu.

Washegari da safe sai ga Injiniya a shagona, riga a buɗe, hannaye a sama kamar wanda aka ce ya miƙa wuya. Manyan yatsunsa sun kumbura suntum.

"Tela, ɗan sa mini maɓalli."

"Me ya samu yatsun?"

"Wuyan mai askin nan ne, ƙarfe ne tsohon yayi."

"Auta kuwa mutum takwas ya tausa jiya, na ga da kansa ya sa maɓallinsa."

"Auta shafa yake yi, ni aiki na yi. Sa mini maɓalli ka bar surutu."

Ina cikin sa masa ya ƙura wa kafaɗata ido. Ya ce ta dama ta fi ta hagu sauka da inci ɗaya da rabi, kuma tunda yatsu sun tafi hutu, yana da gudumar roba mai laushi da ba ta ɓata fenti. Na ce masa kafaɗar nan a haka na gaje ta, a haka za a binne ni da ita. Ya bi ni har bayan keke da gudumar, sai da na ɗaga almakashi muka rabu lafiya.

Hajiya mai kemis ta ƙarshen layi, wadda ba ta ganin abu ta yi shiru, ta tare Auta a hanya.

"Kai Auta, ka ja wa yayanka kunne tun bai kashe wani ba. Maganin ciwon jiki ya kusa ƙarewa a shagona."

Auta ya sunkuyar da kai. "Hajiya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da wane bakin zan ce masa ya tashi?"

"Da wannan da kake ci da shi."

Bai iya ba. Ya dai ce, "Yaya don Allah ranar Asabar ka huta a gida," Injiniya ya ce to, kuma duk wanda ya san shi ya san irin wannan to ɗin.

Ranar Juma'a da yamma ya zo ya zauna a kan tarin yadina, ya ce ya gano matsalar gaba ɗaya. Ba yatsunsa ba ne, gadon ne.

"Dubi gadon nan, ko ƙuguna bai kai ba. Wane gwani ne yake aiki a ƙasa? Mota ma ɗaga ta ake yi."

Na ce, "Na ji Auta yana cewa da gangan ya saita shi. Wai in ka saki hannunka ƙasa, inda dunƙulenka ya tsaya nan ne tsayin gado, don nauyinka ya sauka a kan mutum ba sai ka yi kokawa ba."

"Kai ma ka shiga makarantar rawar? Ɗinka wandonka."

Asabar da safe Auta ya tafi gidan wani dattijo da yake dubawa duk mako, ya ce mini zai dawo goma da rabi. In yana aiki kuwa kashe waya yake yi. Ko kwana bai sha ba sai ga Injiniya da amalanke, jak huɗu a ciki, biyu nasa biyu na aro. Ya sa wa kowace ƙafar gado ɗaya, ya yi ta bugawa yana zagayawa, gado na tashi, gado na tashi, har ya kai masa ƙirji. Ya ja baya ya dube shi yana murmushi. Ya buɗe ƙofa warwar, ya cire labule, ya jera benci uku a waje.

"Bencin na mene ne?" na tambaya.

"Na shaidu. Aikin da ba a gani ba, ba a yi shi ba."

"Manajan ai sai sha ɗaya."

"Goma. Na ɗauki lambarsa a littafin Auta na kira shi jiya, na ce babban likitan shagon ne da kansa zai gan shi."

Na kira Auta sau shida, a kashe. Na ruga wajen mai aski na ce ya hau babur ya nemo shi. Ya ce shi da wuyan nan hagu kaɗai yake gani, na ce to ya yi ta bin hagu har ya isa.

Goma daidai mota ta tsaya. Manaja ya fito, ƙato ne, irin mutanen da kujera ke kuka in sun zauna, ga shi da fara'a. Ya dubi mutanen da suka cika benci, ya dubi gadon da ke can sama, fara'ar ta ragu.

"Ina mai tausar?"

"Ranka ya daɗe, wancan ɗalibina ne. Yau malamin ka samu."

"Gadon fa? Da tsani ake hawa?"

"Sabon tsari ne. Can sama iska ta fi kyau."

Da ƙaramin benci da taimakon mutum biyu aka haye da Manaja. Ya ce a ja labule, Injiniya ya ce labule yana wanki. Ya kwanta rub da ciki yana gunaguni. Injiniya ya ɗauko kwalbar man tausa da Auta ke mako biyu da ita, ya juye rabi a bayan mutumin, har yana ɗiga ƙasa.

Sai ya miƙa hannu, ya ga aiki ya yi masa nisa. Ya yi ɗage, kafaɗunsa suka haɗe da kunnuwa, gwiwar hannu a sama kamar kaza za ta tashi. Ya danna, babu abin da ya motsa.

"An fara?" in ji Manaja.

"Ana ɗumama inji, ranka ya daɗe."

Hajiya mai kemis daga benci ta ce, "Sauke gadon mana, Injiniya."

"Hajiya, in na zo kemis ki koya mini ƙirga ƙwaya."

Maimakon ya sauke gado, sai ya ja ƙaramin bencin ya hau. Yanzu kuma ya yi wa gadon tsawo. Ya haɗe ƙafafu wuri ɗaya, gwiwa a sandare, ya lanƙwasa daga ƙugu, ya ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar bayan Manaja. Ya waiwayo ya dube mu.

"Jama'a ku kasa kunne. In ƙashi ya koma mazauninsa, da kansa yake sanarwa."

Ya ja numfashi ya riƙe, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya danna da iya ƙarfinsa yana murɗa jiki.

Ƙas!

Har bencin baya an ji. Injiniya ya washe baki.

"Kun ji? Kun ji ko? Ya koma! Shekara nawa yana goce, bugu ɗaya na mai da shi. Ranka ya daɗe, yaya ka ji?"

Manaja, fuska a cikin matashi, ya ce, "Ni ban ji komai ba."

"Ai ba za ka ji yanzu ba, sai..."

Ya yunƙura zai miƙe. Bai miƙu ba. Ya sake yunƙurawa, sai muka ga dariyar ta bushe a fuskarsa, idanu suka firfito, gumi ya karyo. Ashe ƙarar nan daga bayansa ta fito, mutumin nan bai ma san a jikinsa aka yi ba sai da ya nemi tashi.

"Tela," ya ce da wata 'yar siririyar murya, "zo nan."

"Me ya faru, babban likita?"

"Zo mana, ɗan uwa. Kada ka yi gudu, kada ka taɓa ni. Zo dai."

Ga shi nan a lanƙwashe kamar lamba bakwai, a kan benci, nauyinsa duka a kan Manaja. In ya ɗaga hannu zai kife, in Manaja ya motsa ya yi ihu.

"Malam, ɗaga ni!" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ake kira dogon danni. Minti goma ake yi."

"Numfashina zai ɗauke!"

"To biyar."

Wajen ya kaure da dariya, Hajiya har da riƙe ciki. Ni kam dariyar ba ta zo mini ba, shagon Auta nake gani yana rufewa a gabana. Ina cikin tunanin ta inda zan kama shi sai na ji wani sauti, tsiiii. Jak ɗin aro na kusurwar ƙafa ne yake sacewa. Gado ya fara karkata a hankali, Manaja kuwa da ya sha mai ya fara zamewa, Injiniya na biye da shi taku-taku a kan benci yana salati.

"Ku tare shi! Ku tare Manaja!"

Mu huɗu muka yi kansa. Mai gyaran waya ya kama ƙafa, ta suɓuce. Na kama hannu, ya suɓuce. Wani ya taka man da ya zuba a ƙasa ya zauna daɓas. Da ƙyar muka tokare shi da kafaɗunmu, rabinsa a gado rabinsa a kanmu, yana faɗin maganganun da ba zan maimaita ba.

A haka Auta ya same mu, mai aski na bayansa yana leƙe ta gefe.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi gadonsa, ya dubi kwalbar mai, ya dubi yayansa. Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya ajiye jaka, ya cire takalmi, ya ce kowa ya tsaya yadda yake. Ya shiga ƙarƙashin ƙirjin Injiniya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya saki gwiwa, ya karɓi nauyinsa a kafaɗa.

"Yaya, sakar mini jikinka. Kada ka taimaka. Saki numfashin."

Ya sauko da shi daga benci kamar ba ƙaton mutum ya ɗauka ba. Mu kuma muka sauke Manaja ƙasa. Mutumin ya fizgi rigarsa ya sa a kan man, maɓalli a hargitse, ya laluɓi takalmi, ya juya kan Auta.

"Wata bakwai kana damuna a waya, ashe wannan ne shagon? Ni za ku mayar abin kallo? Ko kyauta ne ba na so!"

Na ce a raina shi ke nan, ta faru ta ƙare. Na yi wa Auta alama ya bi shi ya ba shi haƙuri. Ko kallona bai yi ba.

"Ka yi haƙuri Yallaɓai, laifina ne. Amma yanzu ina da mara lafiya."

Ya shimfiɗa tawul a inda mai bai kai ba, ya kwantar da yayansa ta gefe, sannan ya juya shi rigingine a hankali. Ya ce in kawo kujerar kekena, ya ɗora masa ƙafafu a kai. Ya tsuguna ya matsa yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kana jin nan? Nan fa? Akwai inda ya mutu ko yake yi maka kamar tafiyar tururuwa?"

"Babu... wayyo... babu."

"Alhamdulillahi. Da akwai, asibiti za mu yanzu. Nama ne ya ɗaure don tsoro. Ja numfashi har cikinka ya ture hannuna."

Ya zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugun, bai danna ba, bai murɗa ba, yana dai ɗan lilo da jikinsa yana tambaya. Bayan kamar minti goma fuskar Injiniya ta saki, ya daina cije haƙora, har ya iya motsa gwiwa hagu da dama.

Sai a lokacin na lura Manaja bai tafi ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Abin da ya same shi," ya ce, "duk mako sai ya sami mutum biyu ko uku a sitona. A haka muke kwasar su a mota, su yi kwana goma a gida."

Auta bai ɗago ba ya ce, "Gwiwa a sandare, a lanƙwasa ƙugu, a riƙe numfashi, a murɗa da kaya a hannu. Tausa kaɗai ba za ta raba su da shi ba, Yallaɓai, sai an nuna musu yadda za su tsaya."

Manaja ya sa ɗaya takalmin.

"Litinin ƙarfe takwas. Amma da sharaɗi: ka zo mini da wannan." Ya nuna Injiniya da ke ƙasa. "Na shekara ina yi musu bayani ba sa ji. A tsayar da shi gabansu ya nuna yadda ya yi, daga hawa benci har ƙarar."

Motar na tashi layi ya ɗauki shewa. Hajiya ta ce maganin shafawa na yau kyauta ne. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa abin yi, na kama mai aski na rungume, ya ce in yi hankali da wuyansa.

Daga ƙasa, ƙafafu a kan kujerata, Injiniya ya ɗaga yatsa mai kumburi.

"Jama'a ku shaida. Na ce zan samo masa aikin nan ko ban ce ba? Har ni aka ɗauka malami. Auta, in mun je ranar Litinin, ni zan fara jawabi, kai kuma ka..."

"Yaya."

"Na'am?"

"Rufe bakinka ka ja numfashi sau goma."

Duk muka zuba ido, don tunda aka haifi Auta ba a taɓa jin ya ba yayansa umarni ba. Injiniya ya buɗe baki zai yi magana, bayansa ya ɗan tsikare shi, sai ya rufe. Ya ja numfashi har cikinsa ya ture hannun ƙanensa.

"Haka?" ya tambaya a hankali.

"Haka. Saura tara."